Ɗalibar da ta duba idona ta faɗi jarrabawa saboda ni

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu baki ɗaya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yi saurin yanke mini hukunci, kunyar da nake ciki ma ta ishe ni.

Ni 'yar aji shida ce a sakandare. A Sharaɗa muke zaune, Babanmu yana aiki a kamfanin fata a Challawa. Ƙanwar Ummanmu, wadda muke kira Anti, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ake koyar da likitoci. Lokacin hutu ta zo ta ce za a yi wa ɗalibai jarrabawa, ana neman masu lafiya da za su kwanta su yi kamar ba su da lafiya. Ita ta tsaya mini, ta ce wa manyanta lafiyata ƙalau. Aka koya mini in ce cikina ke ciwo ta gefen dama, in yamutsa fuska idan an danna, kuma in amsa abin da aka tambaye ni kawai.

Ranar aka kwantar da ni a bayan labule. Wani babban likita, sa'an Babanmu, yana zaune a gefe yana ba da maki. Ana kaɗa ƙararrawa ɗalibi ya shigo, ana sake kaɗawa ya fita. Kusan dukkansu tambaya iri ɗaya suke jerowa kamar masu ba da hadda, idonsu na kan agogon bango. Wani ma ya tambaye ni 'ya'yana nawa, don bai ɗago ya kalle ni ba. Na ga likitan yana gyaɗa masa kai.

Sai wata ta shigo, 'yar siririya mai hijabi ruwan toka, an ɗaure ƙafar tabaranta da zare. Ta murza tafukanta suka yi ɗumi kafin ta taɓa ni. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta juya hannuna ta daɗe tana kallon faratana. Sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Ƙanwata, ajiye maganar jarrabawa. Kina jin jiri idan kin miƙe? Al'adarki tana yawa?"

Jama'a, gaskiya ta faɗa. Na daɗe ina fama da hakan, har ƙanƙara da alli nake taunawa a ɓoye, ko Umma ban iya gaya wa ba. To ta yaya zan faɗa a gaban namiji? Na kalli silin na ce a'a. Ta sake tambaya a hankali, na sake cewa a'a. Kafin ta gama danna cikin aka kaɗa ƙararrawa. A bakin labule ta juyo ta ce wa likitan tana ganin jinina ya yi ƙasa sosai, a taimaka a auna ni. Da ta fita ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, akwai abin da ke damun ki?" Na ce babu, ranka ya daɗe. Ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai su bar ciwon da aka ba su su ƙirƙiro nasu. Ya ja biro ya yi rubutu.

Bayan mun koma makaranta na yanke jiki na faɗi a filin taro. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti a unguwarmu, aka ce jinina ya kusa ƙarewa, sai da aka yi mini ƙari. Ina kwance Anti take ba Umma labarin wata ɗaliba 'yar Bompai mai tabarau, wadda marasa lafiya suke nema da suna, amma ta faɗi da maki kaɗan, sai ta maimaita shekara. Wai tana ta kuka tana cewa ita ta san abin da ta gani. Anti ba ta san a gadona abin ya faru ba. Na juya fuskata bango.

Tun ranar nake tambayar kaina, wace irin jarrabawa ce wanda bai kalle ni ba zai ci, wadda ta ga ciwona ta faɗi? Amma laifin jarrabawa ne ko nawa? Ai an tambaye ni, da bakina na musa.

Anti ta ce ɗalibar ta nemi a sake duba sakamakonta, ba a riga an zauna a kan maganar ba. Idan na yi magana, sai na tsaya gaban manyan likitoci maza na faɗi abin da na kasa gaya wa uwata, kuma ina tsoron a tuhumi Anti da kawo mara lafiya, aikinta ya taɓu. Idan na yi shiru, baiwar Allah za ta rasa shekara a kan gaskiyarta. Ko sunanta ban sani ba.

Don Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?