Mikiyar Orval

Litinin, 6 ga Janairu

Ni, Delbert Kruse, tsohon masunci a kogin Misisifi, na buɗe wannan littafi da hannuna, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Malama Pruitt, wadda ta koya mini rubutu bara, bayan furfura ta riga ta gama da kaina, ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru. To, abin da ya faru shi ne na ɗauki alkawari.

Orval Timmerman, wanda muka ja komar kamun kifi tare tun muna samari, yana kwance a gidan kula da tsofaffi, huhunsa ya gaza. Tagarsa wurin ajiye motoci take kallo. Ya ce mini, "Del, ka kawo mini hoton mikiya. Ba ta kalanda ba, tamu, ta ƙasan madatsar ruwa. Ina so in sake ganin farin kan nan." Na ce ya ɗauka an gama. Babu mai rai a jihar Iowa da ya fi ni sanin inda mikiya take kwana da inda take ci. Wannan ba fahariya ba ce, bayani ne.

Alhamis, 9 ga Janairu

Faston cocinmu ya ara mini kyamara mai dogon baki. Kogi ya daskare duka, in ban da ƙasan madatsa inda ruwa ke tafasa yana fito da kifi a galabaice. Can mikiyoyi suke taruwa da safe. Na tsaya a tsohuwar mashigarmu, gefen jirginmu da ke kife, na yi ta dannawa har yatsuna suka daina jin magana. Aikin bai kai wuyar da ake ba shi ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na kai wa Orval hotunan. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan hankaka ne, ko wandonka ne iska ta rataye a reshe?" Ya yi dariya har tari ya shaƙe shi, sai da ma'aikaciya ta shigo.

Gaskiya ne duk sun fito baƙi ƙirin, babu farin kai ko ɗaya. Ina zargin kyamarar.

Laraba, 15 ga Janairu

Sanyi ya kashe batir kafin in danna. Na dawo gida na jiƙa ƙafa.

Asabar, 18 ga Janairu

Fasto ya ce kyamara lafiyarta ƙalau, rana ce take fito mini a fuska, tun da gaɓarmu gabas take kallo. Saboda haka na koma da la'asar, rana tana bayana. Haske ya yi kyau, amma mikiyoyi sun riga sun ƙoshi, sun hau manyan bishiyoyi can nesa sun zauna kamar dattawa bayan coci. Na gwada bakin rafi, na gwada bayan tashar lantarki inda ruwan ɗumi ke fita. Waya suka zagaye wurin da ita.

Wani mai ɗaukar hoto ya ce in haye gada zuwa gaɓar jihar Illinois, wai akwai wata Maxine Hruska da ke tsayawa can kullum da safe. Na gode masa, na bar shi.

Na san matar. A wani taron gari kan batun koma, ita ce ta miƙo mini takarda a gaban jama'a ta ce in karanta wa mutane da ƙarfi. Na ce na manto tabarau. Ban taɓa mallakar tabarau ba. Tun daga ranar ba ni da abin yi a tsallake.

Talata, 21 ga Janairu

Na yi dabara. Na kwaso kifi daga firji na watsa a kan ƙanƙara kusa da ni, don mikiya ta matso. Hankaki suka cinye tas. Na rubuta wannan ne don littafi ya cika, ba don in sake tunawa ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Orval ya rame. Yanzu ba a cire masa robar numfashi ko lokacin cin abinci. Ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce in ina da abin kawowa, kada in jinkirta.

Ya tambaye ni mikiyarsa. Na yi masa cikakken bayani kan rana da gaɓa. Ya ce, "To ka haye mana." Na ce ba a taɓa ganin Kruse yana roƙon wurin tsayawa a wajen mutanen tsallake ba. Ya ce, "Gada ce fa, tsoho, ba kabari ba. Kabarin nawa ne." Na gyara masa bargo.

Na gaji ƙwarai.

Litinin, 27 ga Janairu

Na haɗu da Maxine Hruska a gidan mai. Mutanen tsallake nan suke zuwa shan mai, suna zaginmu suna cika tanki. Ita ta fara magana: "Kai ne mai jar hula da ke ciyar da hankaki? Ina kallonka ta kyamara. Kada ka sake, ana lalata tsuntsu da wannan." Na ce mata na fara ganin mikiya tun kafin ta san hanyar kogi. Ta ce, "Ganinta daban, samunta daban, Malam Kruse."

Sai ta yi ƙorafin da ban tambaye ta ba. Ta ce su rana suna da ita a baya kowace safiya, iska ce ba su da ita. Mikiya iska take fuskanta in za ta sauko wa kifi, iskar hunturu kuwa daga arewa maso yamma take zuwa. "Tun Disamba wutsiya kawai nake ɗauka. Ranar da iska ta juyo daga gabas, ranar ake ganin fuska. Ni kuma ba na sani sai ta wuce."

Ni na sani. Iskar gabas ita ce ke rako dusar ƙanƙara mai nauyi, kuma gwiwata tana ba ni labari tun kafin rediyo. Ban gaya mata ba.

Ba ta ko tuna da takardar nan ba, bisa ga alama. Ban san dalilin da wannan ya fi ɓata mini rai ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Rana ta yi ɗan ɗumi, na ji ƙanƙara tana tsagewa a tsakiyar kogi. In ruwa ya buɗe, mikiyoyi za su watse arewa, sai baɗi. Orval ba shi da baɗi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gwiwa ta tashe ni. Hayaƙin maƙwabta ya kwanta wajen yamma, iska ta juyo daga gabas ke nan. Na nemo lambar Maxine a littafin waya, da kaina na karanto sunan. Na ce, "Gobe da safe." Ta ce, "Wa ke magana?" Na ce mai jar hula.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na haye. Ba wani abin rubutawa game da gadar.

Ta riga ni zuwa, da butar gahawa da safar hannu mai yankakken yatsa, ta ce in sa. Iska a bayanmu, rana a bayanmu, gajimare bai riga ya rufe ta ba. Sai ga mikiyoyi suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye wajenmu, ƙafa a miƙe, ido a buɗe. Duk rayuwata ƙeyarsu da inuwarsu nake gani daga jirgi. Ban san idonsu rawaya ne haka ba.

Na ɗaga kyamara, nauyin dogon bakinta ya rinjaye ni. Ta ce, "Jingina a kafaɗata, ba zan gaya wa Iowa ba." Na jingina, saboda larurar aiki. Kafin hantsi dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe komai.

Talata, 4 ga Fabrairu

Hoto ɗaya ya fito. Gefen fiffike ya ɗan yanke, amma kan fari ne fat, da kifi a ƙafa. Maxine ta ce in ɗauki nata da ya fi kyau. Na ce alkawarin nawa ne.

Orval ya riƙe hoton kusa da hancinsa. Na jira ya yabi mikiya. Sai ya ɗora yatsa a bayanta, can ƙasa, inda gaɓarmu ta fito ƙarama, da rumfar kifi da jirginmu a kife. Ni ban ma lura da su ba.

Ya ce, "Ashe haka muke daga can."

Can kuma ya ce, "Ka haye ke nan, ɗan banza." Na ce iska ce ta tilasta. Ya sa aka manna hoton a jikin taga, ya rufe motocin. Bai saki hannuna ba har barci ya ɗauke shi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Orval yana nan, ya sha romo kaɗan. Na mayar wa Fasto kyamararsa.

Iska ta koma yamma, yau ba ranar hoto ba ce ga kowa. Na haye ne kawai don in mayar mata da safar hannunta. Gahawarsu ta tsallake ruwa-ruwa ce, na gaya mata haka. Ta ce in zo da tawa gobe.

Da na iso gida sai na tarar safar tana aljihuna.