Irin da ya rage a tukunyar Inna

Assalamu alaikum Yaya Habu, tare da gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan kana raye a inda kake. Tun da ka hau motar Agadez za ka Libiya ba wanda ya ji ɗuriyarka.

Ina nan jami'a a Damagaram, ina karatun infomatik, ilimin kwamfutar nan da kake tsokanata da shi, wai zan koya wa ƙarfe magana. Bana Mushe, malaminmu, ya koya mana wata irin na'ura da ake zanawa a allo. Halayenta ƙidayayyu ne. Kowane hali da'ira ne, in wani abu ya faru sai kibiya ta kai ka hali na gaba. Ya ce kowa ya zana abin da ya sani.

Ni kuwa me na sani in ba gonarmu ta Dogo ba? Na zana binne, yadda kake tura iri cikin busasshiyar ƙasa kana cewa hadari na jin kunyar wanda ya riga shi. In ruwa ya zo, tsiro. In ya ɗauke, tsiron ya ƙone, a koma a sake binnewa. Sai na zo kan da'irar ƙarewar iri, na rasa kibiyar da zan fitar daga cikinta. Mushe ya duba ya ce daidai ne, akwai halin da in an shiga ba a fita. Har yaba mini ya yi, wallahi kamar in yi kuka.

Abokiyar ɗakina finans take karanta, wato harkar kuɗi. Na leƙa takardun darasinsu, wai mai hankali ya raba dukiyarsa wurare da yawa saboda asara. Mu da gona guda, sama guda, sai kai guda?

Yaya, sau biyu binnen bana yana ƙonewa. Yaranka anza suke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci na lokacin yunwa, ƙaramin har ya daina kuka. Inna ta yi waya, ta ce ga sauran irin nan a tukunya, a binne ko a daka? Da kana nan, kai za ta tambaya. Ta ce yanzu ni ce mai boko.

Na ji tsoro ƙwarai, ina kuma jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ta daka.

Allah ya tsare mana kai, ya dawo da kai ko hannu banza. Allah ya sauko da ruwa, ko don gonakin maƙwabta.

Ƙanwarka,
Rakiya