Bututun da Ya Sha Wuta

Zuwa ga uwargidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da 'yar tamu. Ya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai kewa.

Hutun nan ya sake rushewa, ki yi haƙuri. Bututan tukunyar tururi ta masana'antarmu ne suka sha wuta fiye da ƙima, ba wanda ya lura. A ido sumul suke, ko tsaga babu. Da na goge ƙarfen na danna masa na'urar gwaji, sai ya lotsa fiye da yadda ya kamata. Zafi ya daɗe yana cinsa a hankali, taurinsa ya tafi. Injiniya ya ce ba inda zan je sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya fashe a kan mutane.

Mai waldan da muke ɗaki ɗaya ya koma gida. Gadonsa na nan ba katifa, ni kuwa har yau kofi biyu nake ɗaukowa da safe.

Ki shafa min kan yarinya.

Naki,
Mai gwaji

Uwargida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ta hannun direba. Abin da kika rubuta, kowa lafiya, komai lafiya, shi ke nan. Ke da kike cika min takarda da mitar famfo da maƙwabciya mai aron dutsen guga! Yanzu ko faɗan hutu ba ki yi min ba. Wallahi na fi son faɗan.

Inna ta gaya wa direba yarinya ta fara magana, wayarki take nunawa ta ce Baba, ke kuma kin daina gyara mata. Wannan ya tsaya min a rai. “Lafiya lau” ɗinki ya ba ni tsoro, don kullum abin da yake lafiya lau a ido nake gwadawa.

Na tambayi injiniya ko bututun da ya yi laushi yana dawowa daidai. Ya ce sai an raba shi da wutar tukuna a ga abin da ya rage.

Jiya na gwada na ƙarshe, na miƙa na'ura. Injiniya ya ce saura wata tukunyar, na ce ya nemi wani. Ina tafe ranar Asabar a motar kaya. Kada ki wahalar da kanki da girki. Ki tara min faɗan nan duka, zan zauna in saurara. Wayar kuma ki ɓoye wa yarinya, in gwada sa'ata.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Mai gwaji