Na Kashe Injin Ban Ruwa

Daren Laraba, Bunkure.

Ɗana Sani ya kira daga ƙasar da yake aikin haƙar iskar gas. Jiya ƙasa ta girgiza a can, bangon ɗakinsa ya tsage. Ya ce, "Baba, duwatsun ƙarƙashin ƙasa kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, kaushi ke riƙe su. In aka zuƙe gas, sai su zame."

Na tambaye shi ko rijiyoyina na gonar tumatir za su iya jawo haka. Ya yi dariya, wai ba su da zurfin taɓa komai. Dariyar ta ba ni haushi.

Duk da haka da la'asar na kashe inji, na ɗora kunne a ƙasa kamar mahaukaci. Shiru.

Ni dai na kashe nawa. Na masu haƙar gas fa, wa zai kashe?