Ƙayar da Ta Soke Ki a Simsim

Zuwa ga Ummuhani, uwar Asiya, ruwan farkon damina a kan baƙar ƙasar Gadarif, farin furen riɗina, inuwata ta la'asar!

Saƙonki ya same ni a Khartum: wai in kawo miki hodar maganin da nake haɗawa ki sha, kada likitoci su yanke miki ƙafa. Ya salam! Shekara arba'in kina aike na ina zuwa da gudu, yau kin aike ni inda ba ni da ikon zuwa.

Kin tuna yankan riɗi a Simsim, da na zo hutu gonar Baba, kika kawo mini kisra, wainar dawar nan, ƙafarki ba takalmi, ƙaya ta soke ki? Na cire ta da allura, kina dariya wai hannun masani rawa yake yi. Ashe ta sauke baƙi a ciki, ƙwayoyin cuta masu haƙurin da ya fi nawa. Shekara da shekaru suna cin ƙashi, kowace allura aka yi miki sai su kurɓe ta kamar gahawar jabana.

Dominsu na yi furfura a ma'amal, ɗakin gwaji, tsakanin kwalabe: in zana magani a takarda, in dafa, in tace, in sauya masa gaɓa guda, in sake dafawa. Ɗari biyu da sha shida na zubar. Na ɗari biyu da sha bakwai ɗin, wallahi ya share su tas a farantin gwaji, har na taka rawa da tsufana! Sai na ba ɓeraye goma. Kwana uku, bakwai suka mutu, ƙoda ta lalace.

To, hasken idona, wannan zan zuba miki a shayi? Da wane hannu? Gyaransa zai ci shekara goma, ciwon kuwa ya kusa gwiwa. Ƙwayoyin sun riga ni, Ummuhani. Wata mata can gaba za ta warke da shi, ba za ta ma san sunanki ba.

Ki yi wa Allah, ki bar likitocin su yanke. Na iya zama da gurguwa mai tsiwa, ban iya zama da ɗaki babu ke ba.

Ranar Talata zan hau bas. Babu hoda a jakata, sai lalle. Da hannun nan mai rawa zan ƙunsa miki ƙafafu biyun kafin su shiga da ke. Daga nan kuma ɗayar, duk Juma'a, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu.

Naki tun Simsim, naki har ƙasa ta rufe ni,
Wada