Rasuwar Hajiya Mas'uda Halliru, Wadda Ta Kafa Rediyo Mashaya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, Majalisar Amintattu ta Rediyo Mashaya da ke Garwa, a madadin shugabanta, Alhaji Abdulhalim Sarkin Pawa, da ɗaukacin ma'aikata da membobin ƙungiyar masu sauraro, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma shugabarmu, wadda ta kafa wannan gida, Hajiya Mas'uda Halliru, wadda aka fi sani da Adda Mas'uda, wato Yaya Mas'uda. Allah ya yi mata rasuwa da safiyar Talata a asibiti a nan Garwa bayan doguwar jinya, an kuma yi mata sutura bayan La'asar a unguwar Yelwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya haifaffiyar Banyo ce, 'yar dillalin shanu, wadda ta haɗa karatun allo da na lakwal, wato boko, kafin ta zo Garwa ta kama aiki a wata ƙaramar tasha, inda ta fara da karanta sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi, har ta kai matsayin shugabar sashen labarai. Tana kan wannan kujera ne wani babban kamfani, mai talabijin a Duwala da jarida a Yawunde, ya sayi tashar tare da wasu ƙananan tashoshi na arewa. Mai kamfanin attajiri ne da ke cin abinci faranti ɗaya da masu mulki, shi kansa kuma yana neman kujerar majalisa. Da farko sababbin na'urori da motoci suka iso, ma'aikata suka yi murna. Daga baya sai waya ta riƙa zuwa daga sama kowace safiya, ana faɗin wanda za a ji muryarsa da wanda ba za a ji ba.

A wani rani, gab da zaɓe, makiyaya da manoman wani ƙauye a ƙasar Bibemi suka wayi gari an gitta waya mai ƙaya a kan hanyar da shanunsu ke bi zuwa mashaya, aka ce filin ya shiga cikin wata sabuwar gona, gonar kuwa ta mai kamfanin nan ce. Arɗo Hamajam, jagoran makiyayan, ya zo tashar da mutanensa a kan babura, yana neman a ji kukansu. Adda Mas'uda ta tafi ƙauyen da kanta tare da abokiyar aikinta, Madam Pélagie Wassou, suka ga wayar, suka ga maruƙan da ƙishirwa ta kayar, suka nemi manajan gonar ya faɗi nasa ya ƙi. Da darektan kamfanin ya kira ta ya ce a ajiye labarin sai bayan zaɓe, waɗanda ke ofishin sun ji amsarta: "Ranka ya daɗe, tashar taku ce, ban musa ba. Amma bayan zaɓe babu saniyar da za ta rage a kai ruwa." Ta karanta labarin da rana tsaka da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Kafin ta fito daga ɗakin watsa shirye-shirye an umarci mai gadi ya karɓi makullin ofishinta. Ta miƙa masa, ta yi masa godiya, ta gyara mayafinta ta fita, Madam Pélagie ta bi bayanta ba tare da an kore ta ba.

Ba za mu ƙara wa tarihi gishiri ba. Attajirin ya ci zaɓensa, wayar kuma ta kai har damina a wurin, sai dai maganar ta riga ta shiga kunnen jama'a, ba ta ɓoyuwa, daga ƙarshe hukuma ta tura kwamiti aka buɗe wa shanu hanya. Ita kuwa marigayiya duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa ba a buɗe mata ba, domin tashoshin da ba na kamfanin ba suna tsoron rasa talla. A wannan hali ne mahautan Garwa da dillalan shanu da matan babbar kasuwa da malaman makarantun allo da wasu shugabannin coci suka taru suka ce mata ta kafa tasha, su ne masu ita. Ta yarda bisa sharaɗi biyu: kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai girman gudunmawarsa, sannan duk wanda ya tsaya takara ya sauka daga majalisar gidan.

Sharaɗi na biyun nan a cikin gidansu ya fara cizo. Ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Hanzala Halliru, wanda shi ya ba da ɗakin da aka fara watsa shiri a ciki, kuma yana cikin majalisar gidan, ya fito neman kujerar magajin gari. Ta sa ya sauka, ta ba shi lokaci daidai da na abokan takararsa, ta kuma zaunar da shi gaban Madam Pélagie ya sha tambayoyin da kowa ya sha. Ya yi fushi, har Sallah ta zo ta wuce bai taka gidanta ba. Duk wanda ya halarci jana'iza ya ga Alhaji Hanzala riƙe da gaban makara, ana ta neman karɓarsa yana cewa, "Ku bar ni da Addata."

Majalisar Amintattu tana sane da cewa tun marigayiya tana kwance wasu manzanni suke zagayawa gidajen membobinmu, har a zaman makoki an ji raɗe-raɗin cewa za a haɗe Rediyo Mashaya da wani babban kamfani. Muna shaida wa jama'a, da babbar murya, cewa babu wannan magana kuma ba za a yi ta ba. Babu wani mutum ɗaya a cikinmu da ke da ikon sayar da gidan nan, domin haka ta tsara shi tun farko. Madam Pélagie Wassou za ta riƙe shugabancin tashar har babban taron membobi ya zaɓi wanda zai gaji marigayiya. Ƙofarmu a buɗe take ga masu mulki da 'yan adawa baki ɗaya, wanda ya zo da labari za a bincika, wanda ya zo da talla za a faɗa wa masu sauraro cewa talla ce.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam Muhaimin Bakari, da 'ya'yanta, Safiyatu da Mardiya da Hibatullahi, da dukkan dangi na Garwa da Banyo. Mun san shekarun da aka riƙa tsallake titi don kada a gaisa da Malam, mun san bukukuwan da aka daina gayyatar iyalinsa, ba kuma mu taɓa jin ya yi mana gori ko ya ce mata ta dawo gida ta huta ba. Abin da jama'a suka samu daga gare ta, daga hannunku, ku iyalanta, suka same shi.

Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Allah ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu ƙarfin riƙe amanar da ta bari a hannunmu. Amin.

Sa hannu:
Malam Sulaimanu Figil,
Kakakin Majalisar Amintattu,
Rediyo Mashaya, Garwa.