Rigar Auta da Inna ta wanke

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan da sauƙi, sai ƙafar Baba da ke damunsa, Inna kuma ta rame kamar ba ita ba. Abin da ya ramar da ita ne ya sa na ɗauki biro, don a waya kuka ba ya barina in kai ƙarshen maganar.

Ka san an kama Auta a shagonsa na walda, wai shi ya sari mai gadin kantin da ke kusa. Abin da muka ɓoye maka shi ne yadda aka yi ya sa hannu a takardar amsa laifi. Kwana huɗu 'yan sanda suka riƙe shi ba su kai shi gaban alƙali ba. Sun ɗaure hannayensa a ƙarfen taga, suka yi ta zabga masa wayar lantarki har rigarsa ta yayyage ta shige naman bayansa. Sun fasa masa baki da gindin bindiga, haƙora biyu suka fita. Ranar da aka bar ni na gan shi, sai da na jiƙa rigar da ruwa kafin ta rabu da fatarsa. Wallahi Yaya, da akwai wuƙa a hannuna ranar, da yanzu ni ce a tsare. Na ƙunshe rigar a leda na tura ƙarƙashin gadona.

Lauyarmu ta ce tsarin mulki ya hana a azabtar da kowa, kuma kotu ba ta karɓar amsa laifin da aka tatsa da duka, amma sai mun nuna hujja, tunda su za su rantse ba su taɓa shi ba. Ta ce rigar nan ce hujjarmu, kada kowa ya taɓa ta. Na taho gida da gudu, sai na tarar da rigar a ninke a kan gado, fes da ita. Ka dai san Inna da wanki. Ta wanke jinin tas, ta ɗinke duk inda ya yage, ta goge, wai ba za a ce ɗanta ba shi da mai kula da shi ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba, na ce ai ta riga ta rufe ɗanta a kurkuku da hannunta. 

Ranar zaman kotu, lauyan gwamnati ya ce tabon bayan Auta ƙunar walda ce, kamar da baya ake riƙe ƙarfe. Sai lauyarmu ta kira Inna shaida. Ta rantse, ta ce wuri tara ta ɗinke, da baƙin zare, don shuɗin ya ƙare mata. Alƙali ya sa Auta ya saka rigar ya juya baya, magatakarda yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Kowane ɗinki a kan tabonsa yake zaune, duka taran.  Alƙali ya yi watsi da takardar amsa laifin, ya ba da belin Auta. Shari'ar saran ba ta ƙare ba, amma yanzu sai sun kawo shaidar gaskiya.

Auta yana gida, rub da ciki yake kwana har yanzu. Rigar kuwa kotu ta riƙe ta. Da za mu fito Inna ta tsaya tana tambayar magatakarda yaushe za a ba ta, wai akwai maɓalli ɗaya da ba ta sa ba. Ni dai na kasa haɗa ido da ita tun ranar da na daka mata tsawar. Don Allah ka kira ta ka roƙar mini gafara, kai take sauraro.

Ka gaida matarka da yara, da Kawu idan kun haɗu. Baba da Auta suna gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Mai faɗan gidanku